Zunguru Biyu

Tasalla matar Buba ta garin Ƙofa ba ƙazama ba ce, wannan ko a gaban alƙali zan maimaita. Shekarar da aka kawo ta daga Kiru, in ta fito ɗiban ruwa har dattawan bakin masallaci sai sun gyara zaman hula. To amma 'ya'ya biyar cikin shekara takwas, biyun ƙarshe kuma tagwaye masu rarrafe, ai ko 'yar sarkin aljanu ce sai ta yamutse. Rabonta da kitso tun ranar sunan tagwaye. Tandun kwallinta ɗanta Sale ya cika shi da ƙasa. Ɗan madubin da ta zo da shi daga gidansu kuwa, Ɗanjuma ya jefa shi rijiya don ya ga ko ya iya iyo.

Abin da ya hana gidan nan kifewa yarinya ɗaya ce, Zuwaira, 'yar farin Tasalla, mai shekara bakwai. Ita ke goyo, ita ke hura wuta, ita ke raba dambe. Da yake 'yar fari ce, Tasalla ba ta kama sunanta, sai dai "ke" ko "waccan", kuma a gaban mutane kai ka ce ba ta taɓa ganinta ba. Amma duk ranar da aka yi miyar nama, akwai wata tsoka da kan ɓace daga tukunya ta bayyana a bayan rumbu, a hannun "waccan". Son yarinyar nan take yi kamar ranta, al'ada ce kawai ta ɗaure mata baki.

Ran nan Talata da yamma Buba ya dawo daga Bebeji, inda ya kai gyaɗa ma'auna. Ya ɗaure jaki, ya wanke ƙafa, sannan ya ce, "Yaya Saude tana gaishe ki. Ran Juma'a tana tafe."

"Lafiya dai, Malam?"

"Lafiya lau. Ta dai ɗan taɓo maganar yarinyar nan."

Tasalla ta gane inda aka dosa. Saude yayar Buba ce uwa ɗaya uba ɗaya, tana aure a Bebeji, tana sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Bara da kaka da ta zo ta tarar da Tasalla da ciki haihuwa yau ko gobe, ɗankwali a karkace, majinar yaro a kafaɗa, sai ta riƙe haɓa ta ce, "Tasalla, ke ce haka kamar an tono ki? Yaran nan sun fi ƙarfinki, sai an rage miki." Tun ranar maganar take cikin kunnenta.

Tasalla ta ce, "To me ka ce mata?"

"Me kuwa zan ce? Matar da ta goye ni?"

Ka ji namiji! Ya faɗi haka ya jawo akushin tuwo kamar zancen kaza aka yi. Ita kuma Tasalla ba halin ta ce uffan. Goggo ta nemi riƙon 'yar ƙaninta, uwa ta buɗe baki ta ce a'a, a kan 'yar fari? Ai sai a yi ta yi da ita a gidajen suna har jikokinta.

Tana wanke-wanke dabara ta zo mata. Tunda hujjar Saude ita ce yara sun fi ƙarfinta, sai ta nuna mata ba su fi ba. Ran Juma'a Saude za ta tarar da mace fes, da kitso da lalle da kwalli, gida tsaf, ta rasa bakin magana ta koma Bebeji da ƙafafunta biyu kamar yadda ta zo.

Laraba da hantsi ta tsallaka gidan maƙwabciyarta Iya Hajara mai kitso, ta zube a gabanta, tagwaye ɗaya a kowane nono. Iya Hajara ta cire ɗankwalin, ta yi salati. Tsifar kan kaɗai ta kai su azahar. An samu ƙaiƙayi, an samu tsinken tsintsiya, an samu ɗan kunnen da Tasalla ta yi wata huɗu tana zargin akuya da haɗiyewa. Aka shafe gashi da man shanu da shuni, aka tayar mata da doka mai tudu, Tasalla tana hawaye tana cewa a ƙara ja.

Kafin ta tashi ta ce, "Iya, in Yaya ta tambaye ki, ki ce kullum haka nake."

"Ƙarya da furfurata?"

"Zan daka miki gero sau uku."

"Kullum haka kike, 'yar nan. Ni shaida ce."

Saura lalle. Kowa ya san yadda ake yi: a kwaɓa lalle a zuba cikin zunguru, dogon duman nan, mace ta zura hannu ɗaya ta wuni da shi, ɗaya hannun yana aiki, gobe ta juya. Tasalla ba ta da gobe. Alhamis kaɗai ta rage mata, don haka ta aro zungurun Iya Hajara ta haɗa da nata.

Iya Hajara ta ce, "Biyu a lokaci guda? Ko amarya ba ta yin haka sai da ƙawaye a kanta."

"Zuba kawai, Iya."

Aka zura hannu biyu, aka ɗaure bakin kowane zunguru da tsumma, aka ƙunsa ƙafafu da ganye, aka jingine ta a inuwar rumbu kamar buhun gyaɗa. Iya Hajara ta tafi gida tana dariya.

Wayyo, wunin nan! Ƙuda na fari da ya sauka a hancinta, ta kai masa duka ta manta abin da ke hannunta, sai ji kake ƙwal a goshi. Bayanta ya kama ƙaiƙayi, ta dinga goga shi a jikin rumbu yadda jaki ke yi. Akuya ta zo ta tsaya a gabanta, ta dube ta ido cikin ido, ta sa baki a tsakin da aka shanya. Tasalla ta zage ta uwa da uba, akuya ta ci ta ƙoshi. Sale ya gane yau babu hannun da zai make shi, ya hau katanga yana waƙa. Azahar ta zo ta wuce, Tasalla ta ce Allah Ya ga halin da ake ciki, za ta rama.

"Ke! Hasana na kuka."

Zuwaira ta ɗauko Hasana ta riƙe ta a ƙirjin uwar har ta sha ta ƙoshi, ta ajiye, ta ɗauko Usaina.

"Ke! Wuta ta mutu."

"Ke! Ubanki na son fura."

"Ke, zo ki sosa mini nan. A'a, sama. Yauwa, Allah Ya yi miki albarka."

Wannan ta ƙarshen a hankali ta faɗe ta, bayan ta waiga ta ga ba kowa. Yarinya ta yi murmushi, ta kafa mata ƙoƙon ruwa a baki.

Da la'asar sakaliya aka zare zunguru aka wanke. Jama'a, lalle ya kama! Ja wur har yana neman komawa baƙi, daga yatsu zuwa tsakiyar hannu. Buba da kansa ya tsaya da fartanya a kafaɗa yana kallo, har ya ce wai ko a kai yara ɗakin Iya Hajara su kwana. Tasalla ta ce ya wuce ya ba ta wuri, ba don shi aka yi ba.

Juma'a da sassafe ta shayar da tagwaye, ta tattara su da Sale da Ɗanjuma ta tura gidan Iya Hajara, ta ce kada a sako su sai ta yi kira. Ta share tsakar gida har sau biyu. Ta ɗaura atamfar da Buba ya sayo a kanti bara wadda ba ta taɓa ganin rana ba, ta rangaɗa kwallin aro, ta goge haƙora da furen taba ta bi da goro. Sannan ta wanke Zuwaira tas, ta shafe ta da mai, ta zaunar da ita a kan sabuwar tabarma.

"Ke, yau ko ludayi kika taɓa sai na karya ki. Kada a ce ina bautar da ke. Zauna kamar 'yar hakimi."

Hantsi ya ɗaga sai ga sallamar Saude, da ƙwaryar tsaraba a ka, ƙafafu sun yi futu-futu. Tasalla ta tare ta, ta durƙusa har ƙasa, ta karɓi kaya da hannu biyu, tana juya hannun yadda rana za ta haska shi.

"Sannu da zuwa, Yaya. Ya hanya? Ya mutanen Bebeji?"

"Lafiya lau. Tasalla? Ke ce?"

"Ni ce, Yaya."

Saude ta zauna ta sha ruwa. Ta dubi doka, ta dubi hannu, ta dubi ƙafa. Ta dubi tsakar gida, ko kashin kaza babu. Ta dubi Zuwaira da ke zaune ta harɗe hannu tana hamma. Tasalla kuwa zuciyarta fari ƙal, tana cewa a ranta, yau na ga ta inda za ki ɓullo.

Sai Saude ta yi ajiyar zuciya, idonta ya kawo ruwa.

"Alhamdu lillahi. Tasalla, kin sauke mini dutse daga ƙirji. Tun daga Bebeji nake tafe ina faɗa da raina. Na ce wannan baiwar Allah da na bari bara a wahale, yanzu ga tagwaye, yarinyar nan ita ce hannunta. In na ɗauke ta, me zan ce wa Ubangiji? Wallahi na riga na yanke, in na same ki yadda na bar ki, tsarabata kawai zan ajiye in koma, in ci gaba da zama ni da tukunyar suyata. Ashe ke kina nan cikin daula! Ga yarinya ma zaune ba ta da abin yi."

Tasalla ta ji goron bakinta ya zame mata kamar yashi.

"Yaya, ai ba kullum..."

"Kullum haka take!" Muryar Iya Hajara ce daga kan katanga, ta leƙo don ta cika alkawari. "Ni shaida ce, da furfurata. Jiya ma wuni ta yi a zaune da zunguru biyu, ko tsinke ba ta ɗaga ba."

Saude ta tafa hannu. "Biyu! Ni da ba ni da ko ɗa ɗaya ban taɓa samun sukunin biyu ba."

Tasalla ta miƙe ta ƙwala kira, "Iya, sako yaran! Sako su duka!" Lissafinta shi ne su shigo su yi abin da suka saba, Saude ta ga tashin alƙiyama da idonta. Ina! 'Ya'yan da ba su taɓa yin shiru ba tun da aka haife su, yau suka ci amanarta. Tagwaye aka shigo da su suna barci shame-shame. Sale da Ɗanjuma suka hango ƙuli-ƙulin Goggo, suka durƙusa suka gaishe ta kamar 'ya'yan limami, aka cika musu hannu, suka koma gefe suna ƙus-ƙus. Tasalla ta faki ido ta mintsini Hasana a cinya. Hasana ta buɗe ido ɗaya, ta yi murmushi, ta koma barci.

Saude ta ce, "Tubarkalla, tarbiyya."

Buba ya dawo daga masallacin Juma'a, ya zube gaban yayarsa. Tasalla ta kafe shi da ido daga ƙofar ɗaki, irin kallon da ko jaki zai gane. Shi kuwa ya dubi kwallin, ya ɗauka na soyayya ne, ya washe baki.

"Yaya, Zuwaira ai taki ce. Ko yau kika so."

"Yau ɗin nake so, tun rana ba ta yi sanyi ba."

Shi ke nan, magana ta ƙare. Tasalla ta shiga ɗaki ta ƙulle zannuwan yarinyar guda biyu da 'yar jigidarta a tsumma. Ta so ta yi kururuwa, ta so ta fito ta tsige dokar nan a gaban kowa ta ce ƙarya ce, duk ƙarya ce, yarinyar nan ita ta riƙe mini tagwaye a nono jiya. Sai kawai ta fito ta ajiye ƙullin a gaban tabarma, tana kallon wani wuri.

Zuwaira ta ɗago kai ta ce, "Inna, in ɗauka, ko har yanzu kada in taɓa komai?"

"Ɗauki mana. Ki bi goggonki, ban da ƙiwa."

Uwa ba ta raka 'yar fari. Buba ne ya taka musu zuwa bakin gari, Tasalla ta tsaya tana gyara murhun da ba abin da ya same shi. Ba su kai ƙofar gari ba tagwaye suka farka tare suka tsage da kuka, Sale ya fasa wa Ɗanjuma baki a kan ragowar ƙuli-ƙuli, akuya ta shige ɗaki. Tasalla ta buɗe baki ta ce, "Ke!" Ba wanda ya amsa.

Can da la'asar matan unguwa suka yi sallama, su huɗu, wai sun ji labarin lalle sun zo gani. Iya Hajara ta nuna musu bayan ɗaki. A can suka same ta durƙushe gaban kasko, atamfa ta jiƙe, kwalli ya zubo har haɓa, ta haɗa toka da yashi tana dirzar hannuwanta kamar gindin tukunya. Ta dirza har fata ta fara saɓulewa.

Ɗaya daga cikin matan ta ce a hankali, "Bari, Tasalla. Wannan ya riga ya kama."