Minti Biyu Kafin a Kashe Inji

Rigimar daga rumfar ajiye mota ta taso, don ba ta ɗaukar mota biyu. Shekara talatin 'yar jar motar Baba, ƙirar Japan, take kwana a ciki, kuma tun rasuwarsa babban ɗansa, bakanike, yake lallaɓa ta. Kwatsam ƙanensa Injiniya ya sayo sabuwa fil 'yar Jamus, ita ma ƙarama mai turbo, wato na'urar ƙara wa inji ƙarfi, ya ce a fitar masa da wancan gwangwanin.

"Yaya, giyarta biyar, tawa bakwai. Taka in an taka totur sai an ƙirga uku kafin turbon ya farka."

"In ya farka kuwa sai ya manna ka da kujera," in ji bakaniken. "Taka kwamfuta ce ke tuƙa ka. Ko 'yar Faransar da na gyara bara, mai ciwon yau da na gobe, ta fi ta rai."

Da magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, suka yi musayar mota na mako guda. Wanda ya fara neman tasa, shi zai bar rumfar.

Wajen miƙa makulli bakaniken ya buɗe baki zai yi gargaɗi, sai ya haɗiye. Ba injiniya ba ne? Ai komai ya sani, ya je ya gani.

A rana ta biyar jar motar ta shigo layi tana tuttula shuɗin hayaƙi, fiton turbonta mai daɗi ya koma ƙarar ƙarfe na cin ƙarfe. Bakaniken ya tare ta. Ya jira ta huce, ya kwance bututun iska, ya taɓa fankar turbon da yatsa. Tana girgiɗi kamar haƙorin tsoho, baƙin mai ya ƙone ya daskare a ciki. Irin wannan turbon kuwa an daɗe da daina ƙera shi.

"Kana tsayawa kake kashe ta?" ya tambayi ƙanensa.

"To me zan jira? Haka nake yi wa tawa."

"Taka tana sanyaya kanta, sakarai. Wannan in ta sha gudu sai an bar injin yana aiki minti biyu, mai ya zagaya. Ka makance ne lokacin da Baba yake zama a cikinta kullum in ya dawo?"

Injiniya ya kalli kujerar direba.

"Ni na ɗauka hayaniyarmu yake gudu," ya ce. "Kai yake kira ka zauna a gefensa, ni ta taga nake leƙenku. Kuma ka san dalilin, ka miƙo mini makulli ba ka ce komai ba."

Maganar ta soki bakaniken. Haushin kansa ya fi na ƙanen yawa.

Shi kaɗai ya tura motar Baba bayan gida, ya lulluɓe ta da tampol. 'Yar Jamus kuma a waje Injiniya ya ci gaba da ajiye ta, rana da ruwa, rumfar na nan babu kowa a ciki.