Robar Kunnen Baba Chindo

Mun wuce Tibiri, motar ta miƙi hanyar Gidan Rumji. Kayana ba yawa: jaka, dabino, ƙananan batura, na'urar ji cikin kwali, robobin kunne iri biyu. Daga karatu a Aljeriya nake dawowa. Lurwanu da ke aiki can ya ba ni saƙon na'urar, in sa wa mahaifinsa, Baba Chindo, maƙwabcinmu.

Gwaggo Marwa, ƙanwarsa mai jinyarsa, ta tare ni a zaure, na nuna mata saƙon.

"Bilyaminu, mi ya raba robobin nan?"

Na ce mai huda tana barin iska, kunne ba ya zafi, mutum ya ji muryarsa yadda take, amma ƙaramar magana kan tsere masa. Marar huda tana riƙe sauti duka, sai dai kai ya yi ta amo.

"Sa mashi mai hudar." Ta rage murya. "Lokotoron asibiti ya ce hanta ce, ba zai ga kaka ba. Ba mu gaya mashi ba. Ba a gaya ma mai ciwo."

Na sa masa mai huda. Ya ji kiran salla, ya ji jaki, ya yi dariya. Da ya ƙara ƙarfin na'urar sai ta yi fito. Bai daɗe ba ya aika a kira ni.

"Ɗan lakol mai boko, wa ya zaɓa mani wagga?"

"Ta fi daɗi a kunne, Baba."

"Daɗi na tambaye ka? Tun da na komo daga asibitin Maraɗi kowa ladabi yake mani. Auta ma ya daina roƙona babur. In na shigo, bakuna na motsi, ba ni jin komi. Ina ɗayar?"

Kunnensa ne. Na canza masa.

"Kai! Kamar cikin tulu nake magana." Ya tauna goro, ya yamutsa fuska. "Ji, sai ka ce doki na cin dawa. Bar ta haka."

Da hantsi ya kwanta a gindin katanga ya rufe ido. A bayanta mata suna surfe suna ƙus-ƙus. Ina zaune ina kallonsa. Can ya buɗe ido.

"Ashe haka," ya ce.

Bai yi wa kowa faɗa ba. Ya sa aka kai shi gona a amalanke, ya nuna wa Auta iyakokinta. Ya bi gidajen unguwa yana neman gafara. Gero bai nuna ba ya rasu.

A zaman makoki Gwaggo Marwa ba ta amsa gaisuwata ba. Na ji ana cewa ni na karya masa zuciya, har wasu suna tambaya ko me Turawa suka zuba a cikin abin. 

Bayan an watse ta shigo ɗakina, na'urar a ƙulle a bakin zanenta. Ta rame. Ta kwance ƙullin ta ajiye a tabarma.

"Kwanan baya sun kai ni awo asibiti," ta ce. "Yanzu ɗiyata Rahina na sa mani nama biyu a miya. Ɗiyar da ko man shanu sai na roƙa."

Ta leƙa tsakar gida, ta ja ƙofa ta rufe.

"Marar hudar za ka sa mani."