Littafin Alkama da Littafin Perrine

Yayana Gatien de Morlaincourt shi ne ministan kuɗin sarki, ni kuwa tun rasuwar mijina nake riƙe masa gida a Paris. Kowace Alhamis mata marubuta kan cika falonmu, a sha shayi, a ci gasasshiyar agwagwa, kowacce ta karanta abin da ta rubuta. Yaya yana son wannan zama, don a nan ne kawai ake yabonsa ba a roƙe shi a rage haraji ba.

Cikinsu akwai Perrine Aubertin, ɗiyar wani mai gyaran agogo daga Lyon. Yaya ne ya gano ta, shi ya kai ta wurin mai buga littattafai. Yakan ce wa baƙi, "Wannan tawa ce, ni na raine ta."

Shi ma yana rubutu. Shekaru ya kwashe a kan wani littafi mai kauri game da farashin alkama. Aka yi rashin sa'a, nasa ya fito wata ɗaya da labarin soyayyar da Perrine ta rubuta.

Wata rana ya dawo daga fada fuska a murtuke, ya cire gashin kansa na ado ya jefar a kujera.

"Lafiya, Yaya?"

"Ministan jiragen ruwa ya ja ni gefe. Na ɗauka littafina zai yaba. Ashe matarsa ce ta aiko shi, wai in tambayi Perrine ko yarinyar labarin za ta mutu a kashi na biyu."

Na yi dariya, shi bai yi ba.

Alhamis ta zo, Perrine ta karanta babi ɗaya, mata suna share hawaye. Yaya ya yi ta juya cokali a kofi.

"Ba laifi," ya ce. "Sai dai labarin kuka kowace mai wanki ta iya shi."

Perrine ta rufe takardunta. "Ranka ya daɗe, ai masu wankin ne suke saye. Naka ma na karanta, har ƙarshe."

"Ke kaɗai kenan," in ji wata tsohuwa daga bayan falo, aka kwashe da dariya.

Ba a buga littafi sai da izinin jami'in tace littattafai, shi kuwa abokin Yaya ne tun makaranta. Kashi na biyu ya shiga ofishinsa bai fito ba. Perrine ta zo da kanta da safe, ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin karatun Yaya, ta ƙi zama.

"Me na yi maka?"

"Ba hannuna a ciki."

"Kai ka koya mini riƙe alƙalami a gaban mutane. Da ka ce in dakata, da na dakata."

Ya ci gaba da kallon taga har ta fita.

Ta aika littafin Amsterdam, can ƙasar waje, aka buga, 'yan fasa-ƙwauri suka shigo da shi cikin gangunan kifi. Da labari ya bazu cewa an hana shi, har waɗanda ba su damu da karatu ba suka nema. Matan Alhamis suka koma taruwa a ƙaramin ɗakinta na haya, ɗaya bayan ɗaya. Ni ma nakan je, ban ɓoye masa ba.

Da burodi ya yi tsada aka sauke Yaya, muka koma gonarmu ta ƙauye. Wata yamma na same shi a lambu da littafin nata a cinya, ya kusa gamawa.

"Ta iya," ya ce, bai ɗago kai ba. "Babi na tara dai ya yi tsawo."

"In rubuta mata ka ce ta iya?"

Ya shafa bangon littafin.

"Rubuta mata zancen babi na taran," ya ce.