Tsagar Malam Ya'u

Babana, Malam Ya'u, ya tsufa yana sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas, amma in ka ɗaga waya za ka ɗauke shi hoto, sai ya kare fuska da hula kamar wanda aka zo kamawa. Shi ya sa da ya rasu muka birkice ɗakinmu na Agege kaf, hoto ɗaya tak muka samu. Na jikin katin ƙungiyar 'yan albasa ne, bai fi farcen babban yatsa ba, ga zufa ta cinye gefensa.

Inno, mahaifiyata, ita ta matsa. Idonta na tafiya. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage ma yana bakin ƙofa.

Ta ce, "Firdausi, tunda zane-zane kike yi ma mutane cikin na'ura, ki ƙara mini girman Malam in gan shi, tun ina iya gani."

Sana'ata ke nan. Tambarin shago da katin biki nake haɗawa a wani shafin zane na intanet. Na ɗora hoton na ja shi, sai fuskar Baba ta farfashe ta koma 'yan murabba'ai, ba hanci ba baki. Na ce to, a mayar da shi bekta. Bekta zane ne na layuka, ko faɗin katanga ka ja shi ba ya fashewa. Na danna, shafin ya bi hoton da kansa ya fitar da fuska tas, har da hular. Na ji daɗi ƙwarai, har na yabi kaina.

Sabiru mai buga banna ya buga mini shi a kan leda da girman ƙofa. Inno ta matso har hancinta na taɓa ledar. Ta daɗe tana kallo.

"Wanga ba Malam ba ne," in ji ta. "Ina askarshi?"

Na sake duban fuskar. Baba Bagobiri ne, tsagar gado ce kwance a kumatunsa. A hoton ta dusashe, shafin ya ɗauka datti ne ya share. Ga fuska sumul kamar ta ɗan Legas da bai taɓa ganin wanzami ba. Na zauna zan zana da hannuna, sai na kasa. Na san tsagar na nan, amma daga ina ta faro, ina ta lanƙwasa? Fuskar da na tashi ina kallo kullum! Na yi kuka sosai ranar.

Inno ta ce, "Zo nan, ɗiyata." Ta kama haɓata, ta ɗora yatsa a gefen bakina ta ja shi a hankali zuwa kunne. Ta sake, ta sake. "Wagga ta ƙasa gajera ce, ya ce motsi ya yi a hannun wanzami." Tana ja a kumatuna, ni kuma ina ja a na'ura, ina lanƙwasa kowane layi har sai ya yi daidai da abin da fatata ta ji.

Aikin ya ci kwanaki. Yau ba wuta, gobe sabis ya ƙi, ga zazzaɓi ya kwantar da Inno. Ranar da na kawo sabuwar bannar, na rataye ta a tsakar gida inda rana ta fi haske, na riƙo hannunta na tsayar da ita a gaba.

"To, buɗe mana," ta ce.

A buɗe take. Ragowar ganin ne ya tafi, ita ma ta gane. Ta miƙa hannu ta shafa ledar daga sama har ƙasa, santsi kawai. Ta ce, "Ba komai, Allah ya yi miki albarka," ta lalubi bango ta koma ɗaki. Da ma zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Washegari na wuce ta shagon Sabiru, na tarar injinsa na yanka haruffan sitika na wata danfo, motar haya. Na tsaya ina kallon wuƙar tana bin layi. Layi! Na ce, "Oga Sabiru, abeg, injin nan zai bi zanen Baba?"

"Ba bekta ba ne? Zai bi mana, Anti."

Muka yanka a sitika mafi kauri, muka manna a kan katako, layi bisa layi, har tsagar ta taso.

Na ɗora wa Inno katakon a cinya. Yatsunta suka sami hular, suka gangaro goshi, suka zo kumatu suka tsaya. Ta bi tsagar ɗaya bayan ɗaya har ta kai ga gajerar nan ta ƙasa. Nan ta bar yatsanta. Ta sunkuyo, ta rage murya irin yadda take yi in Baba ya dawo daga kasuwa a gajiye.

"Malam," ta ce, "ka rame."