Maiwada ba shi da permi

Shekarar da aka samu mulkin kai Maiwada ya ajiye aikin sojan ruwan Faransa ya dawo Mayahi. Can jirgi mai saukar ungulu yake tuƙawa, ya tashi daga bisa jirgin ruwa ya kwaso masu rauni. Ya taho da ɗokin yi wa ƙasarsa aiki, amma a Yamai aka ce babu irin wannan jirgi, ya je gida ya jira.

Da kaka ta yi, ya ji ana neman direban kamyo, wato babbar motar kaya, a wurin sayen gujiya na Tasawa. Ya tafi.

"Ina permi, takardar izinin tuƙin mota?" in ji shugaban wurin, ko kai bai ɗaga ba.

"Ranka ya daɗe, jirgin sama na tuƙa."

"Nan buhuna muke ɗauka. In babu permi, akwai dako."

Ran Maiwada ya ɓaci. "Dako? Nasara ya ba ni amanar rayukan mutanensa, kai kana tsoron in kifar maka da gujiya?"

Masu gadi suka fitar da shi. Da damina ta faɗi ya shiga gonar mahaifinsa, bai sake neman aiki wurin kowa ba.