Tokar da ke cikin na'urar Yueh-o

Kawu Tsao ya shigo shagona ranar Laraba da hantsi, rungume da na'urar wasan bidiyo a cikin tawul. Shekara talatin yana sayar da madarar waken suya a bakin layinmu a Tainan, ban taɓa ganin ya rufe rumfa da wuri haka ba.

"A-Hsia, ajiye rediyon nan da kike tona. Ta mutu."

"Haba Kawu, ko gaisuwa babu? Me ya same ta?"

"Da na sani zan zo wurinki? Na tashi da safe na tarar da allon baƙi ƙirin."

Duk layin mun san labarin na'urar. Ta matarsa ce, Yueh-o. Jikarsu ce ta bar musu ita, tsohuwar ta kamu da wani wasan noma har tana ƙona shinkafa a kansa. Bara, tana tsakiyar ban ruwa, ta tsayar da wasan, ta ɗauki kwandon cefane, ta ce masa, "Kar ka kashe min, ban adana ba, yanzu zan dawo." A gaban mai kifi ta yanke jiki ta faɗi, rai ya yi halinsa. Tun daga ranar bai kashe ba. Har batirin ko-ta-kwana ya saya saboda lokacin guguwa. Shekara guda saura kwana uku, wata 'yar mata mai malafa tana tsaye a gona a cikin talabijin ɗinsa, butar ban ruwa a ɗage.

Ni ba ni da daɗin baki, abin da ya raba ni da mijina ke nan. Na ce, "Kawu, zan iya tayar da ita. Amma inda Gwaggo Yueh-o ta tsaya ya tafi tare da wutar. Ba ya dawowa."

"Ke dai gyara."

"Ka ji abin da na ce?"

"Kunnena ƙalau. Gyara."

Na fara da wayar wuta, don rabin masu zuwa min da kuka matsalarsu ba ta wuce nan. Lafiyarta lau. Na kwance kusoshi na ɗaga murfi, sai ƙamshi ya buge ni, irin na ɗakin ibada. Fankar ta cushe da wani danƙo ruwan ƙasa, toka ta manne a kansa, ko da yatsa ba ta juyawa. Na shimfiɗa takarda, na share tokar a kai da buroshi, na goge danƙon da auduga da sifirit.

Na ciro akwatin wutar, na sauke ragowar cajin babbar kafasita mai tara wuta kafin in sa hannu, don ta taɓa cizona, ban manta ba. Na ɗora mitar awon wuta a kan fis. Shiru, ya tsinke. Amma fis ba ya mutuwa haka kawai, sai wani ya tura shi. Na bi layi har na kai ga tiransistan da ke saran wuta, na tarar ƙafafunsa sun haɗe, ya ƙone ƙurmus. Kusa da shi ƙananan kafasita uku sun kumbura. Labarin a fili yake: fanka ta tsaya, zafi ya dafa su a hankali wata da watanni, jiya suka gaza.

"A ina kake ajiye ta?" na tambaya, idona a kan aiki.

"Inda ta bar ta. Ƙarƙashin talabijin."

"Kaskon da kake ƙona mata turare fa?"

"A gefenta mana. 'Ya'yana suka ce in kai shi teburin ibadar kakanni, na ce uwarku ba ta taɓa zama a can ba. Nan take zama. Tsinken turare uku da safe, uku da yamma, ban taɓa fashi ba."

Sai na ji haushin kaina da na tambaya.

Na narkar da dalma na cire matattun, na dasa sababbi. Kafin in ba ta wuta kai tsaye na ratsa ƙwan lantarki a layin, don idan da sauran ɓarna ƙwan ya shanye. Ya yi wal sau ɗaya ya lafa, yadda ake so. Mita ta nuna ƙarfin wutar da ake so, sha biyu cif. Na mayar da komai na haɗa da allon shago. Fanka ta juya, haske ya kawo.

Kawu Tsao ya miƙe tsaye. Wasan ya buɗe daga inda aka adana shi na ƙarshe. 'Yar matan tana cikin ɗaki, gefen gado, babu malafa, babu buta.

"Ina gonar?"

"Tana nan waje. Bari ka gani."

Na ɗauki abin sarrafawa na fito da ita, na sa mata malafa, na kai ta tsakiyar kabeji, na ɗaga butar, na tsayar. Ni kaina na san wauta nake yi, amma tausayinsa ya hana ni bari.

Ya daɗe yana kallo. "Wurin ne," ya ce. "Amma ke kika ajiye ta."

Ya koma ya zauna. "Me ya kashe ta?"

"Tsufa, Kawu. Ba a yi su don su shekara a kunne ba."

"A-Hsia, tun kina da majina a hanci ba ki iya ƙarya ba."

Ya miƙa hannu ya ɗauki audugar da na yi goge da ita, ya kai hanci. Na so in fizge, na makara.

"Turarena ne."

Na shiga tattara kayan aikina, shi kuma ya ci gaba.

"Shekara arba'in da shida tana aikena ina mantuwa. Abu ɗaya ta ce in yi mata, shi ma..." Bai ƙarasa ba.

Ranar Asabar za a yi wa Yueh-o bikin cika shekara da rasuwa, a rubuta sunanta cikin na kakanni, a ɗebi toka daga kaskonta a zuba a nasu. Daga nan ba ta da kasko nata na kanta. Na ce bari in naɗe masa na'urar, in zo in haɗa masa kafin baƙi su iso.

Ya sunkuya ya laluba gaban na'urar, don bai ma san inda maɓallin yake ba. Sai da na nuna masa. Ya danna da kansa, allon ya yi baƙi.

Na jawo takardar tokar zan zuba a kwandon shara, ya riƙe min hannu.

"Kar ki zubar. Wannan ma tata ce."

Ya ninke takardar gida huɗu, a hankali, ya sa a aljihun gaban rigarsa. Ya ɗauki tawul ɗinsa ya fita. Na'urar tana nan a kan kantata har yau, lafiyarta ƙalau.