Yafiyar da Tela Ya Kai Shagon Aski

Idan aka yafe wa mutum laifin da bai san ya yi ba, karɓa ya kamata ya yi ko ƙi? In ya karɓa, ya amsa laifi ke nan. In ya ƙi, ya kori alheri daga bakin ƙofarsa. Har yau ba a sami mai raba wannan gardama ba, amma a kan Mai Aski ta faɗo, wata Talata da hantsi, yana tsakiyar gyara wa wani direba gemu.

Tela ne ya shigo, yayan matarsa, da igiyar awo rataye a wuya. Ko zama bai yi ba. Ya dafa kafaɗar Mai Aski ya ce, "Ƙanena, na yafe maka."

"Me na yi, Yaya?"

"Ya wuce. Ran Lahadi akwai Jibin Ubangiji a coci, kuma ka ji Fasto da kunnenka: kada kowa ya miƙa hannu ga gurasa da ƙullin wani a zuciya. Ni na kwance nawa. Ka ce ka karɓa, mu rufe maganar."

"In karɓi me? Faɗa mini laifin tukuna."

"Abin da aka yafe ba a tono shi. Wannan ma Fasto ya faɗa."

Direban ya yi magana a hankali, don kada maƙogwaronsa ya motsa. "Maigida, karɓi mana, ai kyauta ce. Amma ɗauke rezar daga wuyana tukun."

"Ba zan karɓa ba!" in ji Mai Aski. Tela ya yi masa murmushin tausayi, irin wanda ake yi wa majinyaci, ya fita. Murmushin nan ya fi komai ƙona masa rai.

Shekara goma sha ɗaya Mai Aski yake ɗaukar farantin ƙananan kofuna ranar Jibi, yana bi layi layi, kuma abin alfaharinsa shi ne ba wanda ya taɓa kai ƙararsa ko wajen dattawa. Yanzu ga shi da ƙulli a zuciya, kuma ƙullin na wanda ya yafe masa ne. In bai kwance ba kafin Lahadi, sai dai ya miƙa farantin ga wani, ya zauna a benci jama'a suna kallonsa suna ƙus-ƙus.

Da ya koma gida ya tarar da matarsa tana ninke wanki.

"Yaya ya yafe maka?" ta ce. "Kai, ka yi sa'a. Ni da na ƙona masa riga da dutsen guga tun muna yara, har yau yana faɗa a taron dangi."

"Kin san laifin?"

"Wanne daga ciki?"

Bai ci abincin kirki ba ranar.

Ran Alhamis ya rufe shago da wuri, ya nufi wajen Tela. Ya same shi a kan keken ɗinki yana taka feda, ga ƙyallaye sun cika ƙasa. Dabararsa ita ce ya yi ta cinka har ya dace.

"Yaya, don na ce wa mutane wandon da ka ɗinka mini ƙafa ɗaya ta girmi ɗaya?"

Keken ya rage gudu. "Ka ce haka?"

"Ba shi ba ne? To, don na raɗa wa shugabar mawaƙa ta mayar da kai layin baya, saboda muryarka tana sa jarirai kuka?"

Keken ya tsaya cak. "Ce mini ta yi don ina da tsawo ne."

Da mai hankali ne, da a nan ya yi shiru. Amma Mai Aski ya riga ya hau gangara. "Ko don askin makon jiya? Hannuna ya zame na yi maka fili a ƙeya, na ƙi nuna maka madubin baya."

Tela ya kai hannu a hankali ya shafa bayan kansa. Yatsunsa suka sami wurin, sumul, kamar gindin kofi. Mako guda yana yawo da shi, har gaban ikilisiya ya tsaya ya yi sanarwa, ya juya ya koma wurin zamansa.

"Fita mini daga shago."

"Yaya, ai ka yafe."

"Wancan na yafe! Waɗannan ukun sababbi ne, ko ledarsu ba a cire ba!"

A hanya Mai Aski ya yi ta juya abin. Ya tafi neman laifi ɗaya da yake da tabbacin bai yi ba, ya zaro uku daga aljihunsa ba tare da ya yi dogon lalube ba. Abin da ya fi tsorata shi, ya san akwai saura.

Ran Lahadi da safe yana ƙaramin ɗakin bayan coci, yana jera kofuna a faranti. Ta taga yana jin mawaƙa suna gwada murya. Ya yanke shawara zai jera ya bar wa wani. Sai ƙofa ta buɗe, Tela ya shigo da hula, shi da bai taɓa sa hula a coci ba.

Suka tsaya, ba mai kallon wani.

"Yaya," in ji Mai Aski, "na yi maka laifi. Ka yafe mini."

Tela ya ja dogon numfashi. "Na wando na yafe, don na auna, gaskiyarka ce. Na waƙa na yafe, ko da yake jariran ma ba murya gare su ba."

"Na ƙeyar fa?"

"Na so in jira gashi ya fito. Amma Jibi yau ne, gashi kuwa sai wani makon." Ya gyara hularsa. "Na yafe. Da ƙyar. Ka rubuta da ƙyar."

Aka buga ƙararrawa. Tela ya juya zai fita, Mai Aski ya riƙo hannun rigarsa.

"Yaya, wancan na ran Talata, yana nan har yanzu?"

"Yana nan. Ko kana so ka sake cinka?"

"Rufa mini asiri," in ji Mai Aski. Ya goge tafinsa a jikin wando, ya miƙa masa hannu biyu. "Ko mene ne, na karɓa. Na gode."